Huda ta Huɗu

Shekara ashirin da shida ina tuƙa keken tudu a Valparaíso,
akwatin katako mai rarrafe kan dogo.
In kai mutane sama, in sauko da su,
ni ko ina zaune.
Tudun bai san tafin ƙafata ba.
Kujera ce ta san ni, har ta yi kwarmi daidai ni.

Likita Ximena ba ta ɗaga murya ba.
Ta juyo mini da takarda, ta ɗora biro kan wani adadi,
ta ce, "Nibaldo, jininka ya yi zaƙi,
zuciyarka kuma dako take yi.
Kana da jika?"
Na ce ɗaya, mace.
Ta ce, "To."
Wannan "to" ɗin ya fi allura shiga jiki.

Na taɓa yin irin ta masu gaggawa.
Kwana tara ina shan romon kabeji kamar mai biyan tara,
a na goma, da tsakar dare,
Griselda ta same ni tsaye gaban firji,
haskensa ya tona mini asiri, bakina duk maiƙo.
Abin da ya tafi ya dawo,
har da ɗan rakiya.

Wannan karon ban rantse da komai ba.
Burodin shayin yamma, mai ɓawon nan da ke ƙara in an tsaga,
da biyu nake tashi da su, na koma ɗaya.
Sukari cokali uku ya zama biyu,
biyu ya daɗe kafin ya yarda ya zama ɗaya.
Wata guda harshena na gaba da ni,
daga baya muka shirya.

Griselda ta ɓoye babban faranti bayan tukwane,
ba ta ce mini komai ba, ni ma na yi kamar ban gani ba.
Wake da kabewa, tumatir da albasa,
kifin da ta yi ciniki a bakin teku tun jiragen ba su gama fitowa ba.
Na koyi ajiye cokali tsakanin loma da loma.
Ashe ƙoshi ɗan aike ne mai tafiyar hawainiya,
da can kafin ya iso na riga na cika gidan.

Gefen dogon akwai matakala ɗari da sittin da biyu.
Ranar farko na tsaya a ta arba'in,
na riƙe bango ina haki,
wani karen unguwa ya dube ni, ya yi hamma.

Da sanyin Yuli sikeli ya kafe, mako shida bai motsa ba.
Na zage shi. Na ci gaba da hawa.
Ranar bikin ƙasa, a Satumba,
na ci gasasshen nama har na kwance maɓalli,
ban yi nadama ba.
Gari ya waye, na koma kan burodina ɗaya.

Wata goma sha ɗaya, bel ɗina ya ƙare da huda.
Don Eleuterio baduku ya huda mini ta farko, ta biyu, ta uku,
jiya na kai masa don ta huɗu.
Ya ce, "Sayi sabo mana, wannan jelarsa ta yi tsawo."
Na ce bar mini kayana.
Tsofaffin hudojin nan da suka buɗe baki,
ina son in riƙa ganinsu kowace safiya.

Yau Lahadi, keken na hutu.
Maite ta ce mu yi tsere.
A matakala ta ɗari ta zauna, ta ce ƙafarta ta mutu.
Na saɓa ta a wuya.
Kilo goma sha huɗu ce, daidai abin da na sauke.
Ta riƙe kunnuwana kamar linzami,
tana ƙirga sauran da ƙarfi, tana tsallake bakwai,
har teku ta ɓullo mana ta bayan rufin kwano.