Littafin Barend

A ɗakin da ke bayan garken tumaki,
inda warin man bindiga ya kama bango,
na tarar da sikelinsa yadda ya bar shi,
allurar tsaye a tsakiya
kamar alƙalin da ke jiran masu ƙara.

Wata biyar da muka binne shi a Loxton.
Dila ta riga maƙwabta jin labari:
'yan tumaki bakwai cikin mako biyu.
Jafta ya kawo mini lambobin kunnensu a hula,
ya ajiye a kan tebur, bai ce uffan ba.

Sai na buɗe littafin.

Shekara talatin da ɗaya na ƙananan haruffa,
da tabon kofi, da sawun babban yatsa.
Harsashi mai nauyi, in ji shi, ba ya jin maganar iska,
amma ba kowane bututu ke iya juya shi ba.
Mara nauyi ɗan gaggawa ne,
ya riga kowa fita,
iskar la'asar ta Karoo ta ture shi gefe.
Albarushi gwangwani biyu a kan katako:
ɗaya na ci farat ɗaya kamar ƙaiƙayi,
ɗaya a sannu, kamar gungumen da ke kwana da wuta.
Kowace bindiga da irin cimarta.
Abin da ka auna a sanyin Yuli
kada ka amince masa a zafin Janairu.
A gefen shafi ya ja layi biyu:
Fara daga ƙasa. Hau a hankali.
Duba gindin kwanso, shi ba ya ƙarya.

Na goge kwanson tagulla guda goma sha biyar.
Na zuba, na tsaya,
na ƙara ƙwaya ɗaya, ɗaya,
ina riƙe numfashi kada ya taɓa allura.
Na zaunar da harsashi a bakin kowanne
kamar mai sa wa jariri hula.

Mita ɗari daga famfon iska zuwa tsohon ƙyaure
inda ya saba manna takarda.
Biyar na farko sun watse kamar zabi.
Jafta ya duba ƙasa don kada in ga dariyarsa.
Biyar na biyu sun ɗan san juna.
Na bar bututu ya huce, na sha ruwa,
ƙaho na famfo yana ta kukan tsatsa.
Biyar na uku,
tsabar randi biyar ta rufe su duka.

Da dare na koma in rubuta,
na juya zuwa shafukan ƙarshe,
sai na ga rubutun ba nasa ba ne.
Nawa ne.
Tun da hannunsa ya fara rawa
ni ke zubawa, shi ke karanta allura,
yana faɗa, ina rubutawa,
hankalina na kan tukunya a murhu.
Shekara uku ina karatu ban sani ba,
na ɗauka hannu kawai nake ara masa.

Can ƙasa, da alƙalamina, da bakinsa,
layin da ban tuna na rubuta ba:
Wannan awon na Hannelie ne.
Ba ya dukan kafaɗa.

Shi ne na ukun.

Yanzu ina zaune a bayan mota, bargo a gwiwa,
ƙarfe biyu saura,
tumaki na tari a cikin duhu.
Ko ta zo ko ba ta zo ba,
guda huɗu na cikin aljihun rigarsa,
ɗaya a bindiga,
kuma na san nauyin kowannensu.