Tukunyar Tabawa

Ni na san ta tun tana tsintar tumatir,
ba mai kyau ba, wanda taya ta taka,
a Mil Sha Biyu, inda tireloli ke sauke Arewa kwando-kwando.
Ni ɗan dako ne a lokacin, gammo a ka,
ita kuwa 'yar shekara tara da fasasshiyar roba,
tana kutsawa ƙarƙashin mota kamar kaza.

Ubanta Mati gadi ya yi a Apapa,
shekara goma sha ɗaya yana tsaron ƙofar da bai taɓa shiga ba.
Tari ya tafi da shi a daminar da ruwa ya ci ɗakinsu na langa-langa.
Gadon da ya bari: tocila, sanda, bashin haya.
Uwar ta yi wankau har fatar hannu ta saɓule.

Wata Laraba yunwa ta kayar da ita a bakin kwata.
Mutane suka tsallake. Ikko ba ta tsayawa,
ko gawa ce, sai dai danfo ta kauce.
Iya Sikira mai amala ce ta ajiye ludayi,
ta yayyafa mata ruwa, ta tura mata kwano.
Ba ta ce 'yar wa ce ba. Ba ta ce daga ina ba.
Ba Hausa a bakinta, ba Yarabanci a kunnen yarinya,
miya ce ta yi musu tafinta.

Daga tsinta ta koma kasa attaruhu a tire,
daga tire ta sayi injin markaɗe da kuɗin adashi.
Inji ya haifi inji,
gobara ta lashe biyu, ta yi kuka kwana uku, ta sake zubi.
Ban ƙirga shekarun ba. Na dai ga furfura ta fito mini,
na ga sunanta a jikin tirela.

Na zaci za ta haye Lekki ta ja gilashi.
Sai ta sayi tsohon gidan burodi a Agege, gab da layin dogo,
ta ɗora tukunya mai cin rabin buhu,
ta kafa doka ɗaya tak:
a ci tukuna, a tambayi suna daga baya.

Ka je da sassafe ka gani.
Ga Sewanu, wanda katafila ta rushe gidansu na kan ruwa,
ga Nkechi da ƙannenta biyu, uwarsu na kwance asibiti,
ga Ɗanlami mai sikila, wanda ya fi kowa surutu,
ga matan da mazajensu suka fita acaba ba su dawo ba.
Tana da littafi mai baƙin bango:
kuɗin makaranta, kuɗin allura, hayar wata uku,
jarin ƙosai ga wance, keken ɗinki ga wance.
Da kyar take haɗa baƙi, a makarantar dare ta koya,
amma yaro bai taɓa ɓace mata a lissafi ba.

Ba waliyyiya ba ce. Tana da faɗa.
Ta taɓa korar wani mai kyamara da muciya
don ya ce yara su ɓata fuska kafin ya ɗauka.
Wani watan shinkafa kan yanke, ta sayar da awarwaro,
ta dawo tana zagin farashi har bakin ƙofa.

Bara aka kawo wata tsohuwa, ido ya tafi,
'ya'ya sun watse, rumfar amala ta zama shagon waya.
Tabawa ta dube ta, ta sake dubanta,
ta karɓe ludayi daga hannun mai rabo,
ta durƙusa ta zuba da kanta.
Tsohuwa ta lalubi kwano, ta ce, wace ce?
Ta amsa da Yarabancin da kasuwa ta koya mata:
Iya, ci tukuna.

Ni ma nan nake yanzu, gwiwa ta ƙi dako.
Ni ke gadi, kuma wannan ƙofar ina shigarta.
Fasasshiyar robar tana rataye a bangon madafa.
Yara kan tambaye ni ta mece ce.
Nakan ce, ku wanke hannu, abinci na hucewa.