Makullin Injin Ruwa

A Jiratawa, shekarar da Gulbi ya ƙi kawowa,
mu talatin da bakwai muka zauna gindin gawo
muka ce ruwa ba ya da uba.
Muryata ta fi ta kowa,
don ni na yi lakwal a Yamai,
na dawo da gurguzu cike da baki
kamar wanda ya guntsi gari.

Muka tara jika-jika, muka sayi inji.
Inji ya zo da makulli.
Makulli kuwa a aljihu guda yake kwana.

Aka ɗaga hannu, Nomau ya samu,
Nomau da ko akuyarsa ba ya tsawata wa.

Rani biyu ke nan.
Yanzu in ya ce "mu", ƙirjinsa yake dafawa.
"Mun yanke." "Mun hana."
Nakan leƙa bayansa in ƙirga mu,
inuwarsa kaɗai nake samu.

Na zage shi a zuci. Na kira shi sarkin ƙarfe.
Sai daren Laraba, albasata ta kwanta,
ruwan kuwa na Haule ne, gwauruwa, layinta ne.
Na ɗauki fartanya.
Sara uku kawai, kunya ta buɗe,
ruwan jama'a ya karkato, bai tambaye ni aƙida ba.
Wata yana kallo.
Ashe Nomau ma.

Tsohona ya taɓa ce mini a gonar gayya:
ganga ɗaya muke bi, yaro,
amma kanta, kowa da tafinsa.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne,
to, in an ɗora, wa ke shiga ya ja ƙofa?
Na yi masa dariya a lokacin,
ina da takarda, shi ba ya da ita.

Ran taro Nomau bai tona ni ba.
Ya dai miƙe, ya kakkaɓe riga,
ya ce: "Na gaji. Mushe Barmo ya fi ni sani."
Ya saka mini shi a tafi.

Da ɗumi, ɗumin jikin wani.
Bai kai nauyin dala biyar ba.
Haule tana can baya, tana ɓare gyaɗa, ba ta ɗago ba.

Bakina ya ce: a'a, jama'a, ban isa ba.
Yatsuna ba su jira shi ba,
sun riga sun rufe.