Ruwan Sanyi a Kan Famfo

A hanyar Challapata motata ta soma yi mini gardama,
tan goma sha biyu na gishirin Uyuni a bayanta.
Na taka totur har tafin ƙafata ya ji ƙarfe,
ita kuwa sai nishi, ta ƙi hawa.

Da asuba ba ta da laifi, murɗa ɗaya ta tashi
ko da ƙanƙara ta kwana a gilashi.
Amma ta yi zafi in kashe ta in kurɓi shayi,
sai in yi ta murɗa makulli har batir ya yi laushi,
ko tari babu, balle motsawa.

A Oruro kowa ya ce, famfo ne, Anselmo, sai sabo.
Mai faci ya faɗa, mai sayar da gasasshen dankali ya faɗa.
Na lissafa kuɗin sabo a bayan takardar awo,
na ji jiri na ɗibata, na nemi wurin zaunawa.

Aka nuna mini garejin Remigia Ticona,
can bayan tashar jirgin ƙasa, inda kwano ya yi tsatsa.
Malfa a kanta, kitso biyu har ƙugu,
ganyen koka a kunci, faratanta baƙi ƙirin.
Ta ce, wa ya ce maka famfo ne?
Na ce, duk gari.
Ta ce, duk gari bai riƙe sifana ba, matsa mini in yi dubawa.

Filta ta fara cirewa, ta zazzage shi a kwalba,
ta ɗaga wa rana tana karkatawa.
Ta ɗaura farin tiyo tsakanin tanki da famfo,
mu biyu muka tsuguna muna jiran kumfa.
Ba kumfa. Iska ba ta shiga.
Ta ce, wannan ya fita daga zargi, saura na gaba,
ba a kama ɓarawo da ƙiyastawa.

Ta zagaya bayan salansa ta tsaya cikin hayaƙi.
Fari ne, ta ce, mai yaji a ido,
man da bai ƙone ba ke nan yake ficewa.

Ta sassauta notin injekta ɗaya bayan ɗaya,
kunnenta a jikin inji kamar mai sauraron ƙirjin jariri.
Shida suka amsa, duk da murya guda, duk a raunane.
Ta ce, da ɗaya ne ya yi shiru, da ka tsira da arha.
In gida duka na jin yunwa,
tukunya ake tuhuma, ba masu haɗiyewa.

Ta bar injin ya yi ta ruri har ya ɗau zafi,
ta kashe. Ta ce murɗa. Na murɗa, shiru.
Sai ta ɗauko butar shayinta, ruwan da ya kwana a waje,
ta tsiyaya a hankali a kan famfo,
ƙarfe ya yi tsuwwa.

Murɗa kuma.
Sai ga ta ta tashi, garau, kamar ranar da na saye ta!
Na yi tsalle, na jefa hulata sama.
Remigia ko murmushi. Ta tofar da ganyen bakinta.
Ta ce, kada ka yi murna, wannan amsar ba ta alheri ba ce.
Cikinsa ya cinye. Zafi ya buɗa shi, mai ya sulale,
sanyi ya matse shi na ɗan lokaci, yanzu zai koma buɗewa.

Ta miƙo mini kwalbar nan ta farko.
A gindinta ruwa kwance, da wani ƙyalli-ƙyalli kamar garin azurfa.
A ina kake shan mai?
Na tuna durom ɗin bakin hanya a Colchani,
rahusar da na yi ta yi wa abokaina alfahari da ita
shekara biyu cur, ba tsallakewa.

Na ce, to ai gari sun yi gaskiya, famfo ne.
Ta ce, sun canka dai. Ni na gani.
Kai kaɗai za a sauya, ba duka ba, kwana uku,
a wanke tanki kuma, in ba haka ba wata shida ka dawo.
Ta goge hannu a zanenta, ta duba butar, babu ko ɗigo.
Ta ce, shayina ya tafi a motarka,
famfon ruwa na can ƙarshen layi, je ka ɗebo,
ka bar tsayawa.