Jinin Baba a Kwalba

Da la'asar sakaliya aka miƙo mini kwalbar,
ɗaya cikin goma sha bakwai na ranar.
Na karanta sunan: Nomau Tambaya, Harbo.
Na ajiye biro. Ubana ne.

Sau biyu an nemi zazzaɓin sauro, babu.
An sha sabara, an yi sirace da darbejiya.
Inna ta ce sammu, Kawu Jibo ya ce shawara,
shi kuwa cewa yake ana dafa masa ɓargo.

A bayan gwiwarsa na ga wurin,
ɗan baƙin tabo kamar garwashi ya ɗiga.
Ya ce, "Kaska ce, ta jikin Ɗan Goshi.
Na cire masa talatin, ɗaya ta rama."

Jinin da ta sha bai cika cokali ba.
Tukuicin da ta bari ne maganar:
baƙi a cikin yawunta, ba sallama,
ƙanana har ido ya gaza.

Jiki ya ji motsi ya yi yekuwa.
Fararen ƙwayoyi suka fito kamar 'yan tauri,
suka cinna wa kara wuta don korar ɓera,
wuta kuwa ba ta san rumbun mai gida ba.
Ga kumburin nan. Ga gwiwar da ta ƙi sujada.

Hanta ta kwashe ƙarfen jini ta kulle a ɗaka,
kamar mai binne hatsi don an ce mahara na tafe.
Baƙo bai ci ba, Baba ma bai ci ba,
tafin hannunsa ya koma kamar alli.

'Yan tsokar nan biyu da ke zaune bisa ƙoda
sun kwana suna aika manzo ta jijiya:
a saki sukari, a narka nama, kada kowa ya runtsa.
Maƙoshi ya rage lagwani don mai ya kai asuba.
Gishirin jini ya tsinke
kamar miyar da baƙi suka sa aka ƙara wa ruwa,
shi ya sa jiya ya dube ni
ya kira ni da sunan wansa da ya rasu.

Na cike takarda, lamba bayan lamba.
Babu gurbin da zan rubuta
cewa mutumin nan ya taɓa saɓa buhun gero
daga fadama har zaure bai sauke ba.

Likita ta rubuta kafso, safe da yamma.
Ran na uku gumi ya jiƙa tabarma.
Ran na huɗu ya nemi fura, ya ce ta yi tsami,
Inna ta juya baya tana dariya da hawaye.

Bai tambayi abin da na gani a kwalbar ba.
Ya ce, "Wa ke duba mini san nan?"

Ran Asabar na hau mota da maganin feshi.
Ga ni tsugune ƙarƙashin Ɗan Goshi,
da safar asibiti a hannu,
ina laluben hantsarsa a hankali.