Iri da Matsattsaku

Daren Laraba a Mabera, an kawo wuta,
fanka ta soma tarinta na tsufa.
Na buɗe kwamfutar da Modi ya bar mani jingina,
ina neman manhajar toran, ɗaya tak,
da za ta raba kayan Baffa:
hotunan littattafansa na ajami, giga tara,
har shafukan da gara ta ci.

Ta farko kyakkyawa, sai dai 'yar talla.
Ban gama sallama ba ta miƙo caca
da maganin ƙiba. Na kore ta.

Ta biyu, Haliru na rantsuwa da ita,
amma nauyi, raƙumi ya gurfana bisa faifai;
kwamfuta ta yi nishi, ta sanƙare.

Ta uku ba kwalliya,
fara fat, allon da aka wanke.
Ba ta tambayi sunana ba.
Cewa ta yi: nawa za ka ba da, nawa za ka amsa?
Ita na riƙe.

Wai mai bayarwa iri ne,
mai sha ya gudu matsattsaku.
Na tuna masu albasar Kwalkwalawa:
ko shekara ta ƙi, ba su cinye iri.

Ƙarfe biyu, mutum huɗu na ja.
Uku na sani: Marwana a Illela, Inno, ɗan Inno.
Na huɗu lamba ce kawai,
ya maƙale a kashi tamanin da bakwai.

Data ta kusa ƙarewa. An sake ɗauke wuta.
Na rage hasken allo,
na bar mashi ƙofa buɗe.