Sanda Biyu a Kan Dutse

Ɗaki ɗaya gare ni da rumfa, gabas da Dogo,
gado, ma'auni mai ƙugiya, kwalin allura,
sai littafin da aka ba mu a Damagaram
ranar da muka gama horo, bana shekara tara.
Gara ta ci shafi na arba'in da ɗaya,
ta bar mini rabin jimla
kamar mai ba ka labari da aka kira shi waje.

Ran Laraba, la'asar sakaliya,
Barira ta shigo da Ɗanladi a kafaɗa,
wuyansa na lilo, zufa ta jiƙe masa riga,
barcin nan ba na gajiyar wasa ba ne.
Ta kwance bakin zane ta miƙo takardar ƙwaya,
rami huɗu babu kowa ciki.
Na kakarsa ne, ɗan tebur ya kawo daga Kudu,
yaro ya tsinta ƙarƙashin tabarma, ya ce alewa.

Na juya takarda. Ingilishi.
Ni kuwa da Faransanci aka yaye ni.
Haruffan na san su ɗaya bayan ɗaya,
yau sun haɗa kai sun ƙi amsa mini sallama.
Na buɗe littafi, ya dube ni, na dube shi.

A garinmu rezo ba ya shiga gida.
Mazauninsa bisa dutsen bayan rijiya
inda awaki ke hawa su yi tuƙa.
Na tuɓe takalmi, na soke salula a kallabi,
dutse bai huce da zafin azahar ba.
Sanda ɗaya.
Na ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa.
Sanda biyu.

Majo bai ɗauka ba, ko taro, ko hanya.
Kiredina saura dala arba'in.
Sai na tuna Manzo, ɗan ajinmu mai yawan tambaya,
wanda muke wa dariya, yanzu yana babban asibiti.
Na ɗauki hoto na tura,
ya yi ta juyi wuri ɗaya kamar jaki a turke.
Daga can ƙasa ina jin Barira tana kiran sunan ɗanta,
tana ja, tana sakewa,
yadda ake kiran wanda ya yi nisa a gona.

Muryar Manzo ta iso a gutsuttsure:
Habsu, na ciwon sukari ne,
kada ki sa shi amai,
shafa masa sukari cikin kumatu,
turo shi yanzu, kada ki jira ya...
Sauran iska ta tafi da shi.
Ya ishe ni.

Ban san yadda na sauko ba, gwiwata ta sani.
Kiyari mai shago ya ɗebo sukari bai auna ba,
Lawali ya tada moto da aron mai,
na rubuta sunan ƙwayar harafi-harafi
na ɗaure wa Barira a gefen zane.
Suka bi yashi, fitilarsu ta shige cikin gero.

Da asuba, kafin awaki, na riga su hawa.
Saƙo ɗaya na jirana tun tsakar dare:
ya farka, ya nemi kunu, ya ciji mai allura.

Na zauna kan dutsen, yanzu ya yi sanyi,
littafi bisa cinya, biro a hannu.
A gefen inda gara ta ci
na sa sunan ƙwayar, launinta, abin da za a yi,
na sa lambar Manzo,
sannan a ƙasa, don wanda zai gaje ni:
ka tsaya kan tsagar dutse ta arewa,
ka fuskanci kukar gidan Kiyari.
Nan ne sanda ta biyu take.